Yadda Ake Shuka Furen Fotulaka Ya Lulluɓe Ƙasar Lambu

Fotulaka tsiro ne mai yaɗo wanda asalinsa daga Kudancin Amurka yake, musamman Ajantina, Yurugwai da kudancin Burazil, kuma saboda ganyensa masu kauri suna adana ruwa, yana jure zafin rana da ƙasa mai yashi irin tamu.

A zaɓi wurin da rana take dukansa aƙalla awa 6, domin furanninsa, ja da rawaya da fari, ba sa buɗewa a inuwa, kuma suna rufewa da yamma. Idan ƙasar laka ce, a gauraya ta da yashi da ɗan takin gargajiya. Hanya mafi sauƙi, a ganina, ita ce a karyo reshe mai tsawon yatsa, a cire ganyen gindinsa, a soka shi a ƙasa mai ɗan laima, ana barin tazarar santimita 20 tsakanin kowanne, kuma cikin mako 2 zai yi saiwa. Mai shuka iri kada ya binne shi, gama yana buƙatar haske kafin ya tsiro.

Yawan ban ruwa ne ke ruɓar da shi, don haka a bari ƙasa ta bushe tukuna. Ya dace da gefen hanya da tsakanin duwatsu, amma ba ya jure taku.