Yadda Ake Zaɓar Batirin Litiyom Wa Babur Mai Caji

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, masu babur a Gumel, Haɗejia da Bichi suka fara waiwayar na caji. Matsalar ita ce, yawancinmu da mun ji "litiyom" sai mu ɗauka duk ɗaya ne.

Da farko, karanta rubutun jikin batirin. Iri biyu ne suka cika kasuwa: LFP, wanda ake haɗa shi da ƙarfe da fosfet, da NMC mai nikel da kobalt. NMC ya fi sauƙin nauyi, ya fi nisan zango, amma ba ya son zafi. Mu da rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu, LFP za ka saya, kada ka tsaya ja. Yana jure caji sau dubbai, ga wuyar kama wuta. Shi kamfanin BYD na Sin ke sawa a motocinsa da yawa.

Sai caja, inda mutane ke ƙona kuɗinsu. Batiri ƙananan ƙwayoyi ne a haɗe: ƙwayar LFP a 3.65V (V na nufin volt, ma'aunin ƙarfin wuta) take cika, ta NMC a 4.2V. Batirin da ake ce wa 48V, in LFP ne mai ƙwaya 16, cajarsa 58.4V ce, in NMC ne mai ƙwaya 13, 54.6V ce. Bakin cajar kan zo iri ɗaya, shi ya sa za ka ga yaro ya ari ta maƙwabci ya jona. In ka sa ta 58.4V a NMC, na'urar kariya ta ciki, BMS, ita kaɗai ta rage tsakaninka da gobara, kuma ta batirin araha ba abin dogaro ba ce. In ka juya, LFP ɗin ba zai taɓa cika ba, ka dinga zagin mai shago a banza. Tsohuwar cajar batirin ruwa kuwa, ajiye ta. E, sabuwa kuɗi ce, amma ba ta kai kuɗin batiri ba.

Ka dawo daga kasuwa, bar shi ya huce a inuwa kafin ka jona. Lokaci-lokaci ka cika LFP taf don ƙwayoyin su daidaita.

Batirin sodiyom, wanda kamfanin batiri na Sin, CATL, ya nuna a 2021, ƙarfinsa a ƙasashen sanyi yake, kuma ya fi nauyi. Batiri mai daskararren ciki kuwa, wato wanda babu ruwa a cikinsa, bai yaɗu a babura ba tukuna. Duk wanda ya tallata maka shi a kasuwar ƙauye, wuce abinka.