Yadda za ka kai uwargida hutu bakin tekun Lome

Ku bar unguwar Nima da ke Accra bayan sallar asuba, ku hau motar Aflao, garin da ke kan bodar Ghana da Togo, a tashar Tudu, tafiyar kamar awa 3 ce. Ku riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. A boda ku canza sidi zuwa sefa.

Kuna tsallakawa kun shiga Lome, ga teku a hannun dama. Ku shimfiɗa tabarma ƙarƙashin itacen kwakwa, ka saya mata ɗanyar kwakwa ta sha. Sannan don Allah, maigida, ka kashe waya, yau ranar hira ce.

Kada ku shiga ruwa da nisa, igiyar nan tana jan mutum. Jiƙa ƙafa ya isa. Bayan la'asar ku ci gasasshen kifi, ku kamo hanya.