Yadda Ake Lissafin Dirkokin Bango Daidai a Manhajar Ƙiyasin Gini

A Amurka da Kanada yawancin gidaje ba da bulo ake tayar da su ba, da katako ake haɗa ƙwarangwal ɗin bango, a jera tsayayyun katakai tsakanin shimfiɗaɗɗen katako na ƙasa da na sama, sannan a lulluɓe su da falange, wato faffaɗan allon katako. Waɗannan tsayayyun katakai su ne dirkokin bango. Galibinsu tubaifo ne, wanda ainihin kaurinsa inci ɗaya da rabi ne, faɗinsa kuma inci uku da rabi. A wajenmu ma ana cin karo da irin wannan lissafi idan za a raba ofis da allon jifsam a kan dirkokin ƙarfe.

Manhajoji irin su PlanSwift da STACK da Bluebeam Revu suna auna tsawon layin da aka ja a kan zanen gini, amma ba su san abin da kafinta zai yi a kusurwa ko a bakin ƙofa ba sai an gaya musu. Saboda haka aikin mai ƙiyasi shi ne ya koya wa manhajar yadda ake harhaɗa bango.

Kafin a ja layi ko ɗaya, a daidaita ma'aunin zanen da wani tsawo da aka rubuta a jikinsa, sannan a gwada shi a kan wani tsawon daban, domin zanen da aka rage girmansa wajen bugawa yana ɓata dukkan lissafin da zai biyo baya. Daga nan a ware bangaye gwargwadon irinsu: na waje daban, na ciki daban, kuma duk bangon da tsayinsa ko girman katakonsa ko tazarar dirkokinsa ya bambanta a ba shi nasa rukuni.

Tazarar da aka fi amfani da ita inci 16 ce daga tsakiyar dirka zuwa tsakiyar ta gaba, wani lokaci kuma inci 24, kuma dalili shi ne falange mai faɗin inci 48 yana ƙarewa daidai a kan dirka a kowace daga cikin biyun. Ana raba tsawon bango a inci da tazarar, a cika ragowar zuwa cikakkiyar lamba ta sama, sannan a ƙara ɗaya saboda dirkar farko. Bango mai ƙafa 20 inci 240 ne, wanda ya ba da 15, da ƙarin ɗaya ya zama 16.

A nan ne kuskure ya fi ɓuya, kuma a ganina ya fi kowane mataki cancantar a tsaya a kansa. Idan aka bar manhaja ta tara tsawon bangaye duka kafin ta yi rabon, za ta cika ragowa sau ɗaya, ta ƙara dirkar farko sau ɗaya, alhali kowane bango yana da nasa farko da nasa ragowa. Ɗauki bangaye huɗu masu ƙafa 13 kowanne. Bango guda inci 156 ne, rabonsa 9.75, a cika zuwa 10, a ƙara ɗaya, ya zama 11, wato 44 ke nan a huɗun. Amma idan aka haɗe su suka zama ƙafa 52, lissafi zai ba da 40 kacal. An yi asarar dirkoki huɗu a ɗaki ɗaya, balle gida mai ɗakuna goma. Maganin abin shi ne a saita ƙa'idar lissafin ta yi aiki a kan kowane yanki na bango.

Kusurwa da mahaɗa ana ƙirga su ne da alamar ƙidaya, ba da layi ba. A kusurwa mai dirkoki uku, biyu sun riga sun shiga lissafi a matsayin ƙarshen bangayen biyu, don haka ɗaya kawai za a ƙara, kada a ninka. Inda bangon ciki ya tunkari wani bango a tsakiyarsa, tsohuwar hanya ita ce ƙara biyu domin allo ya sami wurin kama ƙusa.

Ƙofa da taga kuwa suna yaudarar sabon shiga, domin yana ganin rami ne, sai ya cire katako. Kowane rami yana bukatar doguwar dirka a kowane gefe, da wata gajera manne da ita wadda linta ke zaune a kanta, wato huɗu ke nan aƙalla, kuma rami mai faɗi yana iya bukatar fiye da haka bisa zanen injiniya. Dirkokin da ramin ya cinye suna dawowa a matsayin guntaye a saman linta da ƙarƙashin taga, shi ya sa a ƙananan ramuka ya fi aminci a bar su cikin lissafi.

A kula da tsawo kuma. Dirkar da aka yanko daga masana'anta don bango mai ƙafa 8 tana da inci 92 da biyar bisa takwas, wadda idan aka haɗa da shimfiɗaɗɗen katako ɗaya a ƙasa da biyu a sama take kaiwa inci 97 da ɗaya bisa takwas. Shimfiɗaɗɗun nan uku a lissafa su daban, tsawon bango sau uku.

Rarar da ake ƙarawa saboda karkataccen katako da ɓarnar yanka, wadda da yawa ke sanyawa kusan kashi 10 cikin ɗari, a ɗora ta sau ɗaya a kan jimilla, bayan an tabbatar manhajar ba ta riga ta saka tata ba. Kafin a miƙa takarda, a kwatanta jimillar da awon kafintoci na dirka ɗaya a kowace ƙafar bango. Idan ratar ta yi yawa, a zaɓi bango ɗaya mai ƙofa da kusurwa a ƙirga shi da hannu, a ga inda lambobin suka rabu.