Kurakuran da ke ɓata mana rijiyoyi a Kassala

Da yawanmu a Kassala, a gabashin Sudan, mun ɗauki rijiya tamkar randar ɗaka, wai wanda ya haƙa shi ke da ruwan. Ai ruwan na kogin Gash ne. Kogin daga tsaunukan Eritiriya yake tasowa, ya yi gudu wajen Yuli zuwa Satumba, sannan ya ƙafe. A ɗan tsakanin nan ruwa ke nutsewa cikin yashi ya kwanta a ƙarƙashin gari, kuma shi muke ja har shekara ta zagayo, mu da masu lambunan Sawagi. Saboda haka duk wani kwari da ke gangarawa cikin Gash, ko daga gindin Dutsen Taka ne ko daga hayin iyaka, da rabonsa a cikin abin da muke sha.

To ka ga wautar mai da busasshen kwari juji. Da rani sai a zuba mushe, baƙin mai da matattun batura, wai ruwa zai tafi da su. Ina zai kai su? Cikin yashin da ke shayar da rijiyoyi. A yashe kwari kafin ruwan farko, baƙin mai kuwa a tara shi a jarka.

Masai ya fi kowanne ɓarna. Ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce tazarar aƙalla mita 30 tsakaninsa da rijiya, gindin ramin kuma ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Inda ake tafka kuskure shi ne awon da ake yi da bazara, lokacin da ruwa ya ja ƙasa. A auna a ƙarshen damina, sa'ad da ya taso. Rijiya ta kasance ta wajen tudu, masai ta gangare, kuma a lissafa har da na maƙwabci, don katanga ba ta tare komai a ƙarƙashin ƙasa. Masu mai da tsohuwar rijiya masai kuwa, unguwa guda suke cuta. A cike ta da laka, a toshe bakin da siminti.

Sai masu cewa ruwa garau ne, ba komai. Kwalarar da ta ɓarke a 2024 ta taɓa Kassala sosai, ƙwayarta kuma ido ba ya gani. Tafasawa ko kulorin na kashe ta. Amma sinadarin naitiret, mai tsiyayowa daga masai da takin zamani, tafasawa ƙara masa ƙarfi take, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa miligiram 50 a lita, gwaji kaɗai ke nuna shi.

Ka kuma dubi bakin rijiyar. Igiyar guga na kwance cikin taɓo, daidai inda jakin mai ruwa ya tsaya ya yi kashi, anjima a zura ta ciki. A yi daɓen siminti mai gangara waje, a sa murfi, a kafa wa guga maratayi, dabbobi kuma a ja musu kwami nesa da bakin.