Yadda ake gasa kifi cikin takardar foyil a kan garwashi

Uwargida, ko ba ki da oba, kurfoti da raga sun wadatar. Ki samu karfasa ko tarwaɗa matsakaiciya. In tarwaɗa ce, ki kwara mata ruwan zafi ki kankare yauƙin, ki datse ƙayoyin nan na gefen kai da na baya, don su ne ke huda takarda. Ki cire kayan ciki, ki tsattsaga jikinta yadda kayan haɗi za su ratsa.

Ki jajjaga attarugu, albasa, citta da tafarnuwa, ki sa gishiri, dunƙule da man gyaɗa cokali biyu. Ki shafe kifin ciki da waje, ya huta minti 30 a kwano. A kwano na ce, ba a cikin takardar ba: gishiri da tsami suna cin alminiyum, ƙarfen da ake yin foyil da shi, in sun daɗe a jikinsa, har ki ga ƙananan huji. Lemon tsami ma ki bari sai an sauke.

Wajen naɗi ne aikin yake. Foyil ɗin gida bai fi gashin kai kauri ba, saboda haka ki ninka shi biyu, ki shafa mai, ki ɗora kifin a tsakiya. Ki haɗe bakin biyu a sama ki naɗe sau uku, ki danne gefe da gefe. Kada ki matse shi jikin kifin, ki bar wa tururi wuri. Takardar ba ta barin iska ko danshi su fita, tururin nan da ta tsare shi ke dafa naman ya yi taushi.

Batun wane gefe ne zai kalli abinci, mai ƙyalli ko mai dishi-dishi, kada ya dame ki. A masana'anta ne ake haɗa falle biyu a matsin ƙarshe, gefen da ya taɓa abin matsin ya fito da ƙyalli. A girki duk ɗaya ne.

Ki jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya fara yin toka, sannan ki ɗora a raga. Minti 15, ki juya, a ƙara 15. Wajen buɗewa ki kau da fuska. Takardar tana hucewa nan take, amma tururin ciki yana ƙuna. In kina son fatar ta yi ja, ki bar shi a buɗe a kan garwashin minti biyar.

Abin da ya ragu, ki juye a faranti kafin ki ɗumama a maikurowef, don foyil tartsatsi yake yi a ciki.