Tafiyar hutu da matasa a mota: kurakuran da ke ɓata hanya tun ba a isa Yankari ba

Karon farko da na kwashi iyalina daga Kano zuwa gandun namun daji na Yankari da ke jihar Bauchi, sai bayan sallar isha'i na sanar da yara cewa gobe da asuba za mu kama hanya. A zatona albishir nake yi musu. Babbar 'yata, lokacin tana da shekara sha shida, ta yi jim, can ta ce, "Abba, jibi fa ake kamun yayar ƙawata, kuma mun riga mun ɗinka anko." Ƙaninta kuma yana da wasan ƙwallon unguwa da suka yi wata guda suna shiri. An dai tafi, amma daga Wudil har Ningi babu wanda ya ce uffan a bayan mota.

Wannan kuskuren shi ne uwar sauran: maigida ya tsara komai shi kaɗai, ya ɗora matasa a mota kamar yadda zai ɗora jakunkuna. Ɗan shekara shida duk inda ka nufa nan ya nufa. Ɗan sha biyar kuwa yana da abokansa da haddarsa da lesin ɗinsa, da alkawuran da yake jin kunyar saɓawa. Gyaran ba shi da wuya. Sati biyu ko uku kafin tafiya a zauna, a faɗi inda ake son zuwa da abin da aljihu zai iya ɗauka, a ji ranakun da suka yi wa kowa. Hukunci na iyaye ne, amma wanda aka tambaya kafin a yanke ba ya shiga mota da kumburi. Idan akwai ɗan ajin ƙarshe na sakandare a gidan, hutun Afrilu ba nasa ba ne, don JAMB da WAEC suna bakin ƙofa. A kai tafiyar Disamba. Sannan a ba kowa aiki na gaske. Ɗaya ya sauke taswirar hanya a wayarsa tun a gida, don akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa. Ɗaya ta riƙe kuɗin tsarabar hanya da lissafinsu. Ɗaya ya zama mai kula da kular ruwa da abinci. Na ga yadda ɗana ya miƙe zaune ranar da na ce masa, "Kai ne za ka gaya mini inda za mu karya kwana."

Mutane da yawa suna kuskure lokaci. Dogon hutun Agusta ya fi jan hankali, amma damina ce: ciyawa ta yi tsawo, ruwa yana ko'ina, namun daji sun bazu a dajin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Sai a yi ta zagaye ba a ga giwa ba, yara su ce an kawo su kallon bishiyoyi. Da rani ne dabbobi suke taruwa a bakin kogin Gaji, a ga ɓauna da gwanki da gwambaza, in da rabo har garken giwaye. Sai dai a Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40, Disamba da Janairu kuma akwai hazo da sanyin asuba. Ni na fi son sanyin, a ɗauki rigunan sanyi da man leɓe.

Ta ɓangaren mota, wanda ya fi yawa shi ne kai ta wurin bakanike ana gobe tafiya. Abin da aka taɓa jiya, yau yake nuna halinsa, kuma gara ya nuna a cikin gari. A yi juyen mai, a duba birki da lagireto da sati guda, a yi 'yan kwanaki ana hawa. A dubi lambobi huɗu da ke jikin taya: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, wato 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Tsohuwar tayar gwanjo tana iya yin kyau a ido, ta fashe a kan kwalta mai zafi da mota cike da mutane. Safaya a tabbatar da iska a cikinta. Jak, sifana, abin kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku, lasisi da takardun mota, duk a gan su da ido, ba a ce ai suna but ba. Lambar gaggawa ta jami'an Road Safety ita ce 122; kowa ya sa ta a wayarsa. Na baya ma su ɗaura bel.

Sai lissafin hanya. Daga Kano zuwa Bauchi ta Birnin Kudu da Ningi kusan kilomita 300 ne, daga Bauchi zuwa sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin Yankari, kuma akwai fiye da 100, ta hanyar Gombe a karya a Dindima. Ko an isa Mainamaji, ƙofar shiga gandun, da saura, don akwai kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji. Wanda ya bar Kano da hantsi yana cewa ai nan da nan ne, duhu zai same shi a hanya, kuma tafiyar dare da iyali ba abin yi ba ce a wannan zamani. A tashi da an idar da asuba. In Juma'a ce a tuna ranar kasuwar Wudil ce, cunkoso zai ci lokaci. Kwana biyu kafin tafiya a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, su ne suke bin ta kullum. Mafi sauƙi ma a kwana a Bauchi, a ci masa da safe, a ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, firaministan Najeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Yaran da suka haddace sunansa don jarrabawa sukan yi tsit idan suka tsaya a gabansa. Tafiyar ta wuce mil 48 da malamanmu suka ƙayyade, don haka dama ce ta koya musu sallar ƙasaru a aikace.

Akwai kuskuren da na fi jin zafinsa, don na yi shi, kuma na san iyaye maza da yawa suna yi: mayar da mota kotu. Ka samu yaro a inda ba shi da wurin gudu, awa biyar, sai ka ɗauko maganar sakamakon jarrabawa, da askin da ya yi, da abokin nan da ba ka yarda da shi ba. Na fara irin wannan bayan mun wuce Birnin Kudu, sai mai ɗakina ta yi ƙasa da murya ta ce, "Abban yara, a bar maganar nan sai mun koma gida." Na dubi madubi, na ga yaron ya jingina kai da gilashi, idonsa ya kaɗa, ƙannensa suna kallonsa. Faɗa a gaban ƙanne yana yi wa matashi ciwon da ya fi faɗan kansa. Abin da na gane daga baya shi ne mota tana buɗe bakin matasa idan aka ƙyale su, wataƙila don ba a fuskantar juna ido da ido. Ka ba da labarin ƙuruciyarka, har da inda ka yi kuskure, ka yi shiru. A wata tafiyar, a irin wannan shirun ne ɗana ya gaya mini abin da ke damunsa a makaranta, abin da ya yi wata uku yana ɓoyewa.

Waya kuma ana yin kuskure biyu a kanta: a ƙwace gaba ɗaya, ko a sakar musu ita gaba ɗaya. Ku yi yarjejeniya tun a gida. A ajiye ta lokacin cin abinci da sallah da zagayen daji, sai don ɗaukar hoto. Abin da za a saurara a mota a yi karɓa-karɓa, bayan azkar da karatun safe kowa ya samu rabonsa. Mai yin amai a mota ya ɗaga kai daga waya ya dubi hanya, a ba shi kujerar gaba ko ta taga. Kada a sa hoton inda ake a Instagram ko TikTok sai an bar wurin.

Guzuri ya zama wanda ba ya lalacewa: dambun nama, cincin, dabino, gyaɗa, soyayyar kaza, da ruwa fiye da yadda ake tsammani. Kunun aya ba ya jure zafin mota. Matashi yana jin yunwa duk bayan awa biyu, kuma rabin fushinsa yunwa ce. A riƙe tsabar kuɗi, kada a dogara da taransifa.

'Yan mata suna da buƙatun da ba za su faɗa wa uba ba. Yarinya za ta iya matse fitsari awa huɗu don kunya. Kada a jira sai ta nema; a tsaya duk bayan awa biyu a gidan mai ko masallaci mai banɗaki mai kyau, da buta da sabulu na kanku, uwa kuma ta shirya abin da ya shafi al'ada ko da ba lokacin ba ne. Wurin kwana ma kada a yi tsimin da zai haɗa baligai maza da mata a ɗaki ɗaya. Hadisi ya ce a raba musu shimfiɗa tun suna da shekara goma. A kama ɗaki biyu tun kafin a taso, uba da maza, uwa da mata, musamman a ƙarshen Disamba da wurin yake cika.

A Wikki akwai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ake wanka a ciki, ruwan yana nan a wajen digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa. A zo da kayan wanka masu sutura, a je da sassafe kafin jama'a su taru, don 'yan matan su sake. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, ko da abokan wasa suna zuga shi. Birai, bika musamman, sun saba da mutane, suna fizge leda daga hannu, suna shiga mota ko ɗakin da aka bari a buɗe. Kada a ba su abinci, kada a matsa kusa don hoto. Lokacin zagaye a sa dogon hannu mai haske, don tsando yana bin baƙin tufafi da shuɗi.

Saurayin gidan zai roƙi tuƙi idan ya ga hanya ta miƙe ba kowa. "Abba, ko kilomita biyu ne." Kada a ba shi. Doka ba ta ba da lasisi sai an cika shekara 18, kuma hanyar da ake gani fayau ita ce wadda akuya ko ɗan acaɓa ke faɗowa ba sallama. A yi masa alkawarin makarantar koyon tuƙi idan lokaci ya yi, a kuma cika.

Dawowa ma a tsara ta kamar tafiya. Kada a dawo ranar Lahadi da dare alhali Litinin makaranta. A bar kwana ɗaya na wanki da barci, a sha mai a Bauchi tun da rana, a kuma ware wa kowane yaro ɗan kuɗin da zai saya wa abokansa tsaraba da hannunsa.