Kurakuran da ɗaliban gine-gine suka fi yi wajen koyon BIM

Abu na farko da ke rikita ɗalibi a Birnin Kebbi ko Aliero shi ne ɗaukar Revit, manhajar BIM, tamkar manhajar zane ta AutoCAD mai kyan gani. A AutoCAD layi biyu ne bango. A BIM kuwa, wato tsarin haɗa samfurin gini a kwamfuta tare da bayanan kowane sashensa, bango yana ɗauke da kaurinsa da tsayinsa da irin kayan da aka gina shi da su, kuma daga nan manhajar ke fitar da lissafi. Ɗauki bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3. Murabba'in mita 12 ke nan, kusan bulo 120, tun da bulo goma ke cike murabba'in mita ɗaya. In akwai ƙofa mai milimita 900 da 2100, sai a cire kusan bulo 19. Ɗalibin da ya zana ƙofar da layi kawai, a ido ta fito tsaf, amma jadawalin kaya bai san da ita ba, bulon nan 19 suna nan cikin ƙiyasi. Gyaran shi ne a sa ƙofa ta gaske daga cikin na manhajar, sannan malami ya riƙa duba jadawalin kafin ya kalli hoton.

Sai kauri. Bangon da manhajar ke zuwa da shi yawanci milimita 200 ne, alhali maginanmu da bulo mai inci tara suke aiki, wato 225, ko mai inci shida, 150. A kwafi bangon a ba shi sabon suna, a gyara kaurin, a ƙara filasta kamar milimita 12 zuwa 15 ta kowane ɓangare. A tabbatar kuma da milimita aka buɗe aikin tun farko, kada a je rabin hanya a tarar ƙafa da inci ne.

Matakan tsayi ma ana wasa da su. A kafa su tun kafin a ja bango ko ɗaya: tushe, daɓe, linta, dakin (wato kankaren bene), rufi, sannan a ɗaure kan kowane bango da matakinsa. In malami ya ce a ɗaga matakin dakin da milimita 300, bangayen su bi da kansu. Wanda ya rubuta tsayi da hannu sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya bai manta da wani ba.

Akwai kuskuren da ba a cika lura da shi ba. Manhajar na buɗewa ne da wani garin Amurka ko Turai a matsayin wurin gini. In ba a mayar da shi Birnin Kebbi ba, aka kuma daidaita arewa ta gaskiya, duk nazarin inuwar da aka yi na wani gari ne. Tagar da ke kallon yamma za ta fito lafiya lau a allo, mai ɗakin ne zai ji a jikinsa da la'asar a watan Afrilu.

Koyar da kowane sashe shi kaɗai ma kuskure ne, ko da yake wannan laifin jadawalin karatu ne. A haɗa mai zanen gini da injiniya da mai ƙiyasin kaya kan gini ɗaya, ko da ajujuwa uku ne na firamare. A zuba samfurorinsu a Navisworks, manhajar da ke haɗa su wuri ɗaya, nan take za a ga bututun ban-ɗaki ya ratsa ta tsakiyar pila.

Wajen haɗawar ne rigimar fayil ke tashi. Abin da aka adana da Revit 2024 ba ya buɗuwa a 2022, kuma babu hanyar mayar da shi baya. A tsayar da shekara ɗaya ga duk aji tun makon farko. Mai aiki da ArchiCAD, wata manhajar BIM, ya fitar da nasa a tsarin IFC, wato nau'in fayil da manhajojin BIM daban-daban ke iya buɗewa. Kowa ya riƙa adanawa duk bayan minti 15 saboda ɗaukewar wuta, ya kuma ajiye kwafi a wani wuri bayan filashi.